Mariyar Dajin Ngaski

Shekara ɗaya kafin ruwan madatsar Kainji ya cika, Basiru, malamin firamare a Yelwa, yana gidan wani Baturen injiniya yana kwaikwayon zanen da ke bango. Barewar Ingila ce da fentin mai, tsaye bisa dutse, ƙahonta sun yi rassa, hancinta da danshi kamar za ta yi atishawa.

"Ita wannan itace ya tsiro mata a ka?"

Ya waiga. Wata budurwa ce ta kawo wa kuku kifi, tana ƙunshe dariya. Barakatu sunanta. Ranar dai zanen bai ƙaru ba.

Kafin wata uku yana kiranta Barewata, ita kuma Malamina. Amma da aka zo maganar aure, mahaifinta Mainasara, tsohon maharbi, ya ce atafau: "Naman takarda ba ya shiga tukunya. Kuma wanda bai san dabbar garinsu ba, mi ya sani?"

Maganar ta soki Basiru. Da hutu ya ɗauki fenti ya shiga dajin Ngaski.

Maikuɗi mai kwalekwale, wanda ya daɗe yana son Barakatu, ya kai mata tsegumi: "Malaminki fa yana can yana bin Mariya."

Sai ga wasiƙa: "Malam, ba Malamina ba. Allah ya bar ka da Mariyarka. Kada ka ba da amsa. Barakatu."

Basiru ya yi dariya har da hawaye, ya rubuta: "Barewata, gaskiya ne. Ja ce, ga ido, ga ƙafa huɗu. Ranar Juma'a zan kawo ta gaisuwa."

Ya kuwa zo. Ya warware zanen a zaure: mariya ce, dabbar fadama, tana shan ruwa gindin giginya. Barakatu ta leƙo, ta rufe fuska ta ruga ciki.

Mainasara ya ƙura wa zanen ido.

"Mashayar nan na sani. Nan ubana ya koya mini harbi. Baɗi ruwa zai cinye ta." Ya share ido da hannun riga. "Amma kunnen ya yi tsawo, ɗana."

"A koya mini, Baba."

"Sai ka riƙa zuwa. Suruki ba ya rasa hanya."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Maikuɗi da kansa ya tsallako da 'yan biki, yana ta shan tsiya.

Innar amarya ta kama hannuwan ango da amarya ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

"Amin," in ji Barakatu can cikin mayafi, ta matse yatsun Malaminta.