Tsuntsayen Lele Marasa Ido

"Ni fa ban ce ki fasa zuwa ba, tambayarki na yi. Wa ya ɗinka jakar nan?"

"Ni mana."

"Ke? Ke da maɓallin rigarki ya cire tun wancan watan, har yau da fil kike kama shi?"

Zumuɗi ta fizge 'yar jakar daga hannun Yayarta. Duk gidan da Zumuɗi ake kiranta, don tun tana ƙarama ba ta jiran shayi ya huce. Jakar ba ta wuce tafin hannu ba, baƙin ƙyalle ce, an yi mata adon reshe da koren zare, ganye-ganye siriri kamar ka hura su motsa.

"To, a gwanjo na samu," ta ce tana tura baki. "Cikin wata leda ta zare da ƙyallaye. Igiyar baki ce kawai babu, na sa mata. Ai na yi aiki, ko?"

"Sai ki kai wa uwar saurayinki ki ce aikin hannunki ne."

"Yaya, filis. Matar nan ba ta sona. Kullum ce wa Injiniya take 'yan matan yanzu ba su da haƙurin zura zare a allura. In na tsaya koyo sai yaushe? Sai na yi furfura?"

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, yarinya."

"To Malama, na ji."

Ta cusa jakar a aljihu ta yafa mayafi.

Injiniya mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ita ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya tashi wayarta da ta faɗa ruwa. Sun daɗe suna son juna, iyayenta sun amince, Ummarsa ce kaɗai ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Tun bara da 'yarta Lele ta rasu bayan gajeriyar jinya, matar ta daina fita, idanunta ma suka raunana saboda kuka.

Da la'asar ita da Injiniya suka shiga falon Umma. Labulaye duk a sake, fanka a kashe, Umma na zaune a ƙasa kusa da kujera. Zumuɗi ta durƙusa ta gaida ta, ta miƙa jakar da hannu biyu.

"Umma, ga ɗan abin da na ɗinka miki."

Umma ba ta kalli adon ba. Juya jakar ta yi ciki ya koma waje, ta fara bin bayan ɗinkin da ɗan yatsa, a hankali, ganye bayan ganye. Can sai yatsan ya tsaya.

"Babu ƙulli," ta ce.

"Na'am?"

"Kowa in ya gama zare ƙulla shi yake. Wannan cusa bakin zaren aka yi a ƙarƙashin ɗinki, aka koma da shi baya. Mutum ɗaya na sani mai yin haka." Ta ɗago kai, idanunta farare-farare suka sauka a kan fuskar Zumuɗi. "Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Umma. Haka kawai hannuna yake yi."

Umma ta kamo hannun nata ta riƙe. Tafinta sanyi ƙalau kamar wadda ta fito daga ruwa.

"Lele," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ashe za ki dawo."

Zumuɗi ta waiga wajen Injiniya tana jiran ya yi dariya. Yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a kan jakar, fuskarsa ta yi fari fat.

Umma ta miƙe, ta ciro makulli daga bakin zanenta, ta ja ta zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ɗakin na warin rufi da tsohon turare. Gado a gyare, takalmi a jere, wani babban akwati a kulle a kusurwa. Daga silin kuwa tsuntsaye ne na ƙyalle ke reto a jikin zare, ƙanana, an cusa musu auduga, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sun cika saman ɗakin. Kowanne da baki da fiffike. Babu ɗaya mai ido.

"Ido take sa musu a ƙarshe," in ji Umma. "Ta ce in ta sa da wuri suna kallonta, sai ta kasa soka musu allura. Yaran unguwa za ta raba wa. Ba ta kai ga idon ba."

Taga a rufe take, amma tsuntsayen na juyawa a hankali, wannan ya fuskance ta, wancan ya ba ta baya. A kan tebur akwai ɗaya da ba a rufe cikinsa ba, allura na soke a jikinsa ta yi tsatsa.

"Gobe ki zo ki ƙarasa su."

A hanya Zumuɗi har tsalle take. "Ka gani? Ta riƙe hannuna. Injiniya, wai ba ka murna?"

"Ina yi," ya ce, yana kallon ƙasa.

Washegari ta naɗe ɗan yatsanta da filasta ta ce wuƙa ce ta yanke ta. Umma ta ce ba komai, ta zauna kawai. Ta zaunar da ita a kujerar Lele, ta kawo mata ruwa a kofin Lele. Rana ta gaba ta ba ta ɗankwalin Lele ta ce ta ɗaura. Da farko daɗi Zumuɗi ta ji, don ko uwar da ta haife ta ba ta taɓa lallashinta haka ba. Amma kullum sai an kai ta ɗakin nan, Umma ta zauna a bakin gado ta yi shiru tana sauraro, kamar tana jiran ƙarar zare na ratsa ƙyalle. In ta yi magana, hirar da suka bari da marigayiya take ci gaba da ita.

"Kin tuna abin da kika ce mini a asibiti?"

"Umma, ni ce fa…"

"Kika ce kar in bari a taɓa miki akwati. Ga shi nan, ban bari ba."

Wata rana Zumuɗi na zaune, wani tsuntsu ya sauko daidai kunnenta, zarensa ya saki da kansa. Ta ji taushin ƙyallen a wuyanta, tsikar jikinta ta tashi. Umma kuwa murmushi ta yi. "Sun gane ki."

A gida ta daina cin abinci sosai. Ko rigar da aka rataye ta gani tana motsi sai gabanta ya faɗi. Yaya dai na lura da ita. Shi kuma Injiniya ya daina kira, in ta tura saƙo sai ya amsa da "to".

Ranar da ta gaji, shagonsa ta nufa. Yana cikin cire murfin wata waya, ya ƙi ɗagowa.

"Malam, kwastoma ce ni da za ka bar ni a tsaye?"

"Cire ɗankwalin nan," ya ce.

Sai a lokacin ta tuna na Lele ne a kanta. Ta cire.

"Jiya Kawu ya zo kan maganarmu," ya ce. "Umma ta ce masa a bar zancen. Ta ce ina aka taɓa aura wa mutum ƙanwarsa?"

Zumuɗi ta nemi benci ta zauna. "Wasa kake."

"Na yi kama da mai wasa? Ni kaina in na gan ki a kujerar nan, sai in rasa wa nake kallo."

"Amma ai ka san ni ba ita ba ce."

"Na sani. Na kuma san jakar nan ba ke kika ɗinka ba."

Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. "Yaya ce ta faɗa maka?"

"A gabana Lele ta yi ta." Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Bayan rasuwar, Umma wuni take da kayan ɗinkin a cinyarta tana kuka, likita ya ce idon zai tafi gaba ɗaya. Na ɗauki makullin akwatin, na kwashe komai na kai wa mai gwanjo, na mayar na kulle. Da ta ga a kulle sai ta ce gara haka, ba ta sake buɗewa ba. In na tona ki, na tona kaina. Shi ya sa na yi shiru."

"Kai ma ashe gwani ne."

"Sori."

"Sori ɗin me? Ni na ɗauko ruwan dafa kaina." Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu. "Tashi mu je."

"Yanzu? Ki bari mu yi tunani tukuna, in ta ji za ta iya…"

"In muka bari, ƙanwarka zan zama har in mutu. Rufe shagon."

A ɗakin Lele suka same ta. Suka durƙusa ƙarƙashin tsuntsayen, Zumuɗi ta ɓare filastar ta ɗora yatsan a tafin Umma.

"Umma, taɓa ki ji, babu ciwo. Ban iya ɗinki ba. Jakar nan a gwanjo na saya, na yi miki ƙarya don ki so ni."

Injiniya ma ya faɗi nasa laifin. Umma ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta laluba akwatin, ta sa makulli ta buɗe, ta zura hannu har gwiwa. Suna jin farcenta na karce ƙasan akwatin, kusurwa zuwa kusurwa. Ta daɗe tana yi.

"Sau biyu ke nan kun binne mini ita," ta ce. "Ajiye ɗankwalin ki fita. Kai ma fita."

Zumuɗi ta yi kuka har fuskarta ta kumbura. Da ta gaji, ta je ta tsaya a kan Yaya.

"Koya mini."

"Aure ai ya fasu, me za ki yi da shi?"

"Ke dai koya mini."

Abin bai zo da sauƙi ba. Zare ya harɗe, ta yi jifa da ƙyallen, ta je ta ɗauko. Yaya ta duba ta ce warware, ta warware tana ƙunƙuni. Yatsunta suka yi huji-huji, wannan karon filastar ta gaskiya ce. Duk mako tana zuwa ƙofar gidan su Injiniya ta yi sallama, ta gaida Umma daga waje, ba a amsawa, ta juya. Ƙawayenta suka ce ta rabu da su, maza sun ƙare ne? Injiniya ma a gidan ba a yi masa magana, abinci kawai ake ajiye masa. Haka aka yi ta tafiya wata da watanni.

Rannan ta yi sallama kamar kullum, har ta juya, sai ta ji murya daga ciki.

"Shigo."

Falo babu kowa. Ƙofar ɗakin ƙarshen baranda a buɗe. Ta taka a hankali ta leƙa. Tsuntsayen duk sun yi ido. Baƙaƙen duwatsun ado ne ƙanana, suna ƙyalli, duk sun zuba mata su. Na wani a wuya yake, na wani ɗaya sama ɗaya ƙasa. Saura kaɗan ta kwasa da gudu.

"Ni na sa musu," in ji Umma daga bakin gado. Ta buɗe tafukanta, yatsun duk sukan allura. "Da lalube. Da na taɓa ƙasan akwatin nan ne na yarda ta tafi. Da ba ku faɗa mini ba, da har yau ina nan ina jiran ta gama. Me ke hannunki?"

Zumuɗi ta miƙa. Ɗan matashin soke allura ne da ta ɗinka, mai fure ɗaya a tsakiya, kullum da shi take zuwa ta koma da shi. Umma ta shafa furen, ta bi gefen, ta tsaya.

"Wannan fure ne ko kaza ce ta taka?"

"Fure ne, Umma."

"Ƙulli har ta waje. Lele ko da zazzaɓi ba ta wannan ɓarnar." Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. "Amma naki ne. Hau kujera ki sauko mini da tsuntsayen nan, yara na jira tun bara. In kin koma gida ki ce wa babanki Kawun yaron nan na nan tafe."

Zumuɗi ta hau, tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, har silin ya koma fari fes. Umma ta ce ta buɗe tagar.

Da gudu ta shiga gida, ta faɗa kan Yaya ta ba ta labari tana haɗa kuka da dariya. Yaya ta gyara zama.

"To kin gani. Abin da aka samu da ƙarya, ko so ne, ba naka ba ne, kayan aro ne, kuma mai shi zai zo. Da kin ci gaba, da kin samu uwa kin rasa miji, kin rasa kanki. Mahaƙurci mawadaci. Na biyu kuma…"

"Akwai na biyu?"

"Har na biyar. Zauna."

"Yaya, Injiniya bai ji ba fa. Yana can yana gyaran wayar mutane da fuska kamar an yi masa mutuwa."

"Haƙurin da kika koya fa?"

"Na ɗinki ne."

Ta zura takalmi, ta ja mayafi, ta bugo ƙofar garam har labule ya tashi, ta nufi kasuwa.