Canjin Sisi

A zamanin da ake kashe kwabo mai huji, an yi wata yarinya da kakanta, tsohon malamin makaranta, yake koya wa ƙirga kuɗi. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, kullum sai ta maimaita.

Wata rana ya ba ta sisi ta sayo gyaɗar kwabo biyu. Ta dawo ta ce, "Kaka, an yi kuskure a canjin."

Tsoho ko dubawa bai yi ba, ya ja hannunta sai gaban mai gyaɗa. Ya ɗaga murya har mutane suka taru. "Baiwar Allah, jikata za ki cuta? A cika mata kuɗinta yanzu!"

Mai gyaɗa ta ce, "Haba Malam! 'Yata, nawa na ba ki?"

Yarinya ta jera kuɗin a faifai. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Huɗu ne namu, Inna. Ga naki ɗaya."

Aka tuntsire da dariya. Mai gyaɗa ta ce, "To Malam, in cika ko in rage?"

Tsoho ya gyara hularsa, ya juya wajen jama'a. "Da ƙarfi na zarge ta, da ƙarfi zan roƙe ta. Baiwar Allah, ki yafe mini!"