Wanda Ya Zubar da Ruwan Tankin Saman Bene

Washegarin jana'izar Mahbuba aka tarar an ɓalle kwaɗon tankin da ke saman benen Alhaji Attahiru, babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Benen hawa tara ne, siriri kamar taɓarya. Alhaji ya gina shi da ribar albasa, ba don Illela ta rasa fili ba, sai don a hango shi daga Ƙwanni. In iska ta taso samansa kan yi lilo. Injiniyar da ta zo daga Sakkwato ta yi wa Sufeto Maharazu bayani: tankin ba na sha ba ne. In gini ya karkata gabas, ruwan ya tunkuɗa yamma, sai lilon ya ragu. Ranar da iskar hadarin farko ta taso bayan la'asar, tanki wayam. Bene ya yi ta rangaji, mutanen sama suka rugo matakala, Mahbuba ta faɗi da tsohon ciki. Daga ita har jaririn ba wanda ya tashi.

Alhaji bai ɓata lokaci ba, ya nuna maigadinsa Jaɓɓo, aka tsare shi.

"Kai ka kwashe ma shanun danginka ruwan?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, shanunmu na can bayan Lafani. Ni ko gwiwa ta hana ni wuce hawa na biyu, kowa ya sani."

Aka kawo Idi mai ga-ruwa.

"Ruwan tankin ga ya fi cikin kurar ruwa ɗari," in ji Idi. "In kwashe shi a bakin kasuwa, ba wanda yag gani?"

Gaskiya ce. Sufeto ya bi bututun tankin har bayan katanga. Hadarin nan iska ce kawai, ba a yi ruwa ba, duk ƙasa a ƙone take, amma a bakin bututun ciyawa ta tsiro shar, awaki na ci. Ashe ba sata aka yi ba. A bazarar Illela babu ɓarawon da zai samu ruwa ya tsiyayar a ƙasa. Wanda ya yi haka, ruwan ne ya dame shi.

Sufeto ya hau ɗakin da ke ƙarƙashin tankin. An ja katifa tsakiyar ɗaki, ga 'yan dunƙulen auduga kusa da matashi, irin na toshe kunne. Mijin marigayiyar, Mukhtari tela, yana zaune yana kallon bango.

Sufeto ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce, "Malam Mukhtari, wa yaz zubda ruwan sama?"

"Ni ne," in ji shi, ko ɗar bai ji ba. "Ƙanwarku ba ta iya kwana. Iska na tasowa sai ruwan ga shi dinga bugun tanki bisa kanmu, ɗaki na juya mata, ta yi ta amai. Na kai kuka ga Alhaji, yac ce laulayi ne. Nig ga nauyin ruwan ne ka kaɗa ginin, niz zubda shi. Ku saki tsohon ga Jaɓɓo. Amma mi yah haɗa tanki da rasuwatta?"

Sufeto ya sha kama masu laifi, bai taɓa jin yana son komawa gida bai gama aiki ba sai yau. Ya zauna a gefen tabarma, ya maimaita masa abin da injiniya ta ce, a hankali, bai rage komai ba.

Mukhtari ya ɗauki audugar nan guda, ya riƙe a tafin hannu.

"Randa niz zubda shi ta yi kwana mai daɗi, Yallaɓai," ya ce. "Da safe har albarka tas sa min."