Abin da Aka Gani a Kan Suri

Ranar da Maliki ya fara ganin Safiyatu, idanunta kawai ya gani, don takunkumi ya rufe sauran fuskar. A harabar wani ƙaramin asibiti ne a Isa, shekarar korona, inda wata ƙungiya ta kafa tebur tana taya waɗanda suka rasa aiki cike takardun neman wani. Safiyatu ma'aikaciyar lafiya ce, ita aka zaunar a teburin.

Shi kuwa Maliki koyarwa yake yi a wata makarantar kuɗi a Sakkwato. Aka rufe makarantu, aka sallame shi, ya dawo gida Tsamaye da niyyar noma. Sai damina ta yi gardama. Gero ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke.

Ta gama duba takardunsa, ta ɗago kai.

"Malam, kana samun barci kuwa?"

Wata biyar ke nan kowa sai dai ya ce masa ina labarin aiki, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

"Ba ni samu," ya ce. "Abinci ma sai Inna ta matsa. Wata rana ji nike da ban hwarka ba da ya hi min."

"Wanga ciwo na, Malam, awa zazzaɓi. Ba ragwanci na ba, kuma yana da magani."

Ta kai shi da kanta wurin jami'in da ke ganin masu ciwon damuwa duk ranar Laraba. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa: "Ka ci abinci? Ko loma uku ne ka ci. Gobe za ni sake tambaya."

Ta kuwa sake, jibi ma haka. Da aka sa masa ranar intabiyu a wata makaranta a Sabon Birni, tsoro ya kama shi, sai ta ce su rinƙa gwaji ta waya, ita ce mai tambaya. Matsalar ita ce a unguwar su Maliki sabis ɗin waya ba ya kamawa sai a kan wani tsohon suri a tsakiyar gonarsu. Kullum bayan la'asar sai ya hau, ya sa 'yar wayar kunne, ya yi ta amsa tambayoyi yana ɗaga hannu. A hankali tambayoyin suka sauka daga kan aiki. Wata rana ya tura mata: "Likitata, na ci tuwo, na yi barci. Saura ciwo guda, kuma ke kika jawo shi." Ta amsa: "Wannan sai ka ga Baba."

Mahaifinta Wakili makiyayi ne da ya zauna a Bafarawa, yana noma yana kiwo. Ya karɓi magabatan Maliki da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Ba a kai ga binciken ba, Halliru mai sayar da hatsi, wanda ya daɗe yana son yarinyar, ya kawo labari da zafinsa: an ga Maliki a kan suri yana magana shi kaɗai, har da dariya. Kowa kuwa ya san su wa ake cewa suna zama a suri. Wakili ya ce ba zai ba mai iskoki 'yarsa ba.

Safiyatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta rubuta wa Maliki: "Ka zo da wayar kunnen ka nuna mai, magana ta ƙare. Don Allah kar ka tada zancen asibiti."

Ya amsa: "Za ni zo, sahibata. Amma ba ni shiga gidanku da ƙarya."

Ya sami Wakili zaune a gindin aduwa, yana kallon shanunsa da fari ya mayar ƙashi da fata. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa wayar kunnen, ya kira wani abokinsa. Da tsohon ya ji murya a cikin kunnensa sai ya yi murmushi.

"Ashe lahiyakka lau, yaro. Sun ɗauki alhakinka."

Da Maliki ya tashi a nan, da shi ke nan. Bai tashi ba. Ya ciro katin asibiti ya ajiye a kan tabarma.

"Baba, iskoki kam babu. Amma na yi ciwon damuwa, har na ƙi rayuwa. Ina shan magani, ina samun sauƙi. In kun hana ni, ku hana ni kuna sane."

Wakili ya ɗauki katin ya duba. Safiyatu da ke laɓe a bayan danga ta ƙara kasa kunne.

"Shekarar babban hwari," in ji tsohon a hankali, "ina saurayi, shanun ubana sunka mutu a hannuna ɗaya bayan ɗaya. Na yi shekara ban shiga mutane ba. Anka ce iskoki na, anka yi ta yi min turare. Ko uwar Safiyatu ba ta san wanga ba." Ya dubi garken. "Bana ga ciwon yana son dawowa. Wanga magani naku, ana ba tsoho?"

"Ana ba shi, Baba. Ni za ni kai ku."

Ran Laraba Maliki ya goya shi a babur har Isa. Aikin Sabon Birni ya samu bayan an buɗe makarantu, albashin ba wani mai yawa ba. Aka ɗaura aure da kaka, ba taro sosai saboda annoba, ba shagali saboda rumbuna babu komai. Wakili ya riƙe hannun angon a gaban jama'a ya ce:

"Na ba ka ɗiyata ina sane. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi sa kowanenku shi zan wurin hutawar ɗan'uwansa."

Aka shafa fatiha.