Ɗaki a Bayan Mota

A garin Ghanzi na ƙasar Botswana, in aka ambaci Tirelo, bakin mutane ba ya haɗuwa. Masu shanu suna cewa waldarsa ba ta saki. Matan kasuwa suna cewa gaisuwarsa gajeriya ce, kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Tsofaffin direbobi kuwa cewa suke ya yi shekara huɗu a kudu yana ƙera wa masu yawon daji ɗakuna a bayan mota, ya dawo da iya yi.

Duk wannan Gorata ta ji kafin ta je shagonsa. Ma'aikaciyar allurar shanu ce, takan yi sati uku tana bin rugage a cikin Kalahari da tsohuwar a-kori-kura mai shimfiɗaɗɗen baya da mahaifinta ya ba ta. A tanti take kwana, har ranar da gari ya waye ta ga sawun zaki ya kewaye tantin sau biyu.

Da ta shiga shagon, ƙafafu kawai ta gani a ƙarƙashin wata mota. Ta yi gaisuwa da yaren garin.

"Dumela, Rra. Kai ne mai ɗora wa mota ɗaki, ko ƙafafunka aka bari su tsare shago?"

Ya fito yana goge hannu. Ya dube ta, ya manta tsumman yana hannunsa har ya faɗi.

"Ni ne, Mma."

Ta lissafo abin da take so: ɗaki dogo da za ta miƙe a ciki, ƙofa ta baya, babban tankin ruwa a kan rufi. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Dogon ɗaki ƙaya za ta yage shi, iska kuma ta sha miki mai. Zan yi rufi mai ɗagawa, in kin tsaya ki tura shi sama. Ƙofar baya ƙura take haɗiya, a gefe zan sa. Ruwa a sama kuwa, kwana ɗaya mai kyau za ki sha a yashi ki tsinci tayoyinki suna kallon rana. Tanki a ƙasa, bayan direba."

"Wai ni ce mai motar ko kai?"

"Ke ce mai mota. Yashi ne mai hanya."

Ta so ta yi fushi, dariya ta riga ta.

Wata biyu aikin ya ci. Kullum ta taso aiki sai ta biyo, wai duba kayanta take. Takan zo da gurasar phaphatha mai zafi, ya ci da baƙin hannu tana yi masa faɗa.

Ran nan ya ce ta hau da ɗaya daga tayoyin gaba kan wani kututture. Ya jawo ta suka durƙusa.

"Dubi shasin, ƙashin bayan motar. Kin ga ya murɗe?"

"Wayyo, motata ta karye!"

"Haka aka yi ta. A kan hanyar banza dole ta murɗe, ta dawo. Ɗaki kuwa ba ya murɗewa, tsagewa yake. Shi ya sa na ɗaure shi tamau ta gaba, ta baya na sa dogayen noti da sifirin. Mota ta yi rawarta, ɗaki ya zauna lafiya."

Ba shasin take kallo ba. Shi ma ya lura.

Da ta isa gida saƙo ya shigo: "Likitar shanu, kin bar hularki a nan. Ba zan kawo ba. Ki zo da kanki."

Ta amsa: "Maƙerina, da gangan na bari. Kai ne ba ka da saurin fahimta."

Mahaifinta, wanda kowa ke kira Rra Gorata, wato baban Gorata, shekara talatin ya yi yana jigilar shanu a babbar mota. Da idonsa ya taɓa ganin kejin shanu ya rabu da mota a kan gangara saboda noti ɗaya da ya kwance, abokin tafiyarsa yana ciki. Tun daga ranar bai yarda da abin da ke motsi a jikin mota ba, in ba taya ba.

Da matarsa ta kawo masa zancen Tirelo yana son 'yarsu, ya ajiye cokali.

"Mai akwatin nan? Ga Oteng, na san ubansa, na san kakansa."

Oteng dillalin motoci ne, yana shigo da ɗakunan mota ƙirar kamfani daga ƙetaren iyaka, farare masu wurin wanka. Sau biyu yana turo zancen aure Gorata tana zillewa.

"Rra, yarinyar nan ba ta son Oteng," in ji matarsa, Mma Gorata. "Ka bar kawunnan wancan su zo."

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Ta je tafiyar nan ta dawo lafiya a cikin akwatinsa. Sai su zo."

Ana gobe tafiya, Gorata ta tafi ofis karɓo magani, motar tana tsakar gida. Oteng ya zo gaida tsoho. Ya kewaya ɗakin yana ƙwanƙwasawa, ya leƙa ƙasa, ya yi fito.

"Baba, zo ka ga aikin surukinka."

Ya sa hannu ya girgiza notin baya. Sifirin ya motsa.

"Ko ƙarasa ɗaurewa bai yi ba. A nan za ka sa 'yarka?"

Rra Gorata ya durƙusa ya taɓa da kansa. Bayan Oteng ya tafi, ya shiga ɗaki ya fito da sifana. Ya matse notin biyu har sifirin ya kwanta ya zama ƙarfe ɗaya, ya ɗaure su da waya kar su kwance, ya tashi da nutsuwa a ransa, bai gaya wa kowa ba.

Kwana huɗu na farko lafiya. A na biyar ta shiga hanyar da babu kowa, ramuka da tudun yashi, kilomita tamanin tsakaninta da rijiyar burtsatse ta gaba. Da rana tsaka ta ji ƙara a bayanta kamar an harba bindiga.

Ta tsaya ta fito. Ruwa ne ke tsiyaya daga ƙasan ɗakin, yashi yana shanye shi nan take. Bangon gefe ya tsage daga sama har ƙasa. Ta kama ƙofa, ƙofa ta cije. Abincinta, maganinta, bokitinta, duk suna ciki.

Ta cire takalmin roba na aiki ta tara a ƙarƙashin tsagar. Ɗaya ya cika, ɗayan rabi, ruwan ya ƙare.

Da wannan ruwan ta yi tafiyar awa shida, mota tana nitsewa tana haƙa da hannu, tana kurɓa kaɗan kaɗan. Ta isa rugar da ke bakin rijiyar leɓɓanta a fashe, ba ta iya amsa gaisuwar makiyaya ba.

Washegari da ta samu sabis ta rubuta: "Ɗakinka ya tsage. Tanki ya fashe. Na sha ruwa a takalmi kamar dabba. Ka ce zai zauna lafiya, na yarda da kai. Kar ka kira ni."

Ya kira sau goma sha ɗaya. Ba ta ɗauka ba.

Labari ya riga ta isa gari. Kawu Sebego, yayan mahaifiyar Tirelo, ya ɗauki ƙaninsa suka je jaje gidan su Gorata. Rra Gorata bai ba su kujera ba.

"Ku gaya wa ɗanku, saura kaɗan ya kashe min 'ya. Maganar aure kuma babu ita."

Kawu Sebego ya sa hularsa a hankali. "Mun ji, Rra. Mu ma ba ma neman aure da sunan masu kisa."

Aka jawo motar shago. Tirelo ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata. Da ya fito, kawunsa ya tambaye shi me ya gani.

"Ɗakin ya tsage, Kawu."

"Wannan makaho ma ya sani. Me ya tsaga shi?"

Tirelo ya ɗauki tsintsiya ya hau share ƙasa. Mutum biyu da suka ba shi aiki suka zo suka janye motocinsu a satin nan. Oteng kuwa kullum yana gidan su Gorata da 'ya'yan itace.

Bayan kwana goma Gorata ta zo ɗaukar kayanta da suka maƙale a ciki. Ba ta gaishe shi ba. Ya ɓalle mata ƙofar ya koma gefe. Ta kwaso kaya, murfin tukunya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin mota. Ta durƙusa ta miƙa hannu, sai ta tsaya.

Sifirin a kwance yake, a matse. A jikin kowane noti an zagaya wayar shinge, an murɗa ta sau uku an lanƙwasa bakinta ciki. Haka aka ɗaure ƙafar gadonta tun tana ƙarama. Haka ƙofar garkensu take. Mutum ɗaya ne a duniya ke murɗa waya haka.

Ta tashi a hankali.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka kawo ta."

"Kuma ka yi shiru? Gari yana zaginka, aikinka yana tafiya, ni na rubuta maka abin da na rubuta..."

"In ce me, Gorata? In tsaya a titi in ce mahaifinki ne? Ba don ya cuce ki ya yi ba. Ya ga noti yana motsi, ya tuna abin da ya tuna." Ya sunkuyar da kai. "Da laifina ma. Ke na yi wa bayani, saboda ke nake son kallo. Shi ya kamata in durƙusar a gaban kututturen nan."

Hawaye ya zubo mata. Ta buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Rana ce ta rubuta saƙon nan, ba likitata ba. Kin rame. Kina cin abinci kuwa?"

Ta karɓi filaya a hannunsa, ta koma ƙasa ta yanko wayar ɗaya.

Da azahar mahaifinta yana cin tuwon dawa a inuwa, ta ajiye wayar kusa da kwanonsa.

"Baba, sifirin nan ba mantuwa ba ce. Shi ne ke hana ɗakin tsagewa. Tirelo ya sani tun ranar farko, bai gaya wa ko kawunsa ba."

Tsohon ya dubi wayar. Ya tashi ya bar tuwon, ya nufi garke.

Kwana tara bai amsa laifinsa ba. Oteng ya zo, tsohon ya aika a ce ba ya nan. Ya aika wa Kawu Sebego cewa ƙofa a buɗe take, su zo. Amsa ta dawo gajeriya: a gaban mutane aka ɗora mana kalmar kisan nan, ba za mu shigo da ita a ka ba.

Gorata ta rubuta: "Maƙerina, in bai yi magana ba fa?"

"Zan jira. Na gyara bangon, na sa sabon tanki. Jira kaɗai ya rage min, kuma na iya shi."

A kwana na goma Mma Gorata ta tsaya a kan mijinta.

"Rra, shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce maka ka yi kuskure ba. Yau ma ba zan ce ba. Kwat ɗinka na goge, yana kan gado."

Ranar Asabar da hantsi dangin Tirelo suna zaune a tsakar gidan Kawu Sebego, sai ga Rra Gorata a ƙofa, sanye da kwat, matarsa da 'yarsa a bayansa. Uban yarinya ba ya zuwa gidan masu nema. Hira ta mutu. Aka kawo kujera, ya ƙi zama.

"Ina yaron?"

Tirelo ya fito, ya cire hula, ya rusuna. Gorata ta riƙe hannun mahaifiyarta.

"Sebego, ku turo mutanenku sati mai zuwa. Bayan ruwan farko a yi biki. Na ba shi ita. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu."

Wata gwaggo ta fara guɗa. Kawu Sebego ya ɗaga mata hannu, bai ɗauke ido daga kan tsohon ba.

"Mun gode, Rra. Saura ɗayar maganar."

Tsohon ya cire hularsa. Ya juya ta a hannu sau biyu. Ya dubi 'yarsa, sannan ya dubi Tirelo, ya ɗaga murya yadda har na bakin shinge za su ji.

"Aikinsa ba shi da aibi. Ni na shiga ƙarƙashin motar nan da sifana, ni na tsaga ɗakin, ni na kusa rasa 'yata. Na ɗora masa, ya ɗauka bai ce komai ba. Tirelo, ɗana, na yi maka laifi. Ka yafe mini."