Waya a Cikin Gwangwani

"Ina wayar Baba?!"

Haka Ɗan Tela ya faɗo shagon kamar an jefo shi, rigarsa sharkaf da gumi. Ƴar Mai Agogo tana zaune gefen teburin mahaifinta, riƙe da hantsaki, ta tsinto wata kusa da ba ta kai ƙwayar yashi biyu ba. Ta zabura, kusar ta yi tsalle ta ɓace.

"Ka gani ko! Wa ya biyo ka?"

"Wayar nake tambaya. Tun yaushe rabon ku da ita?"

Baba bai ɗago ba. Gilashinsa mai ido ɗaya na maƙale a fuskarsa, kansa na cikin wani tsohon agogon bango da aka buɗe wa ciki. Agogo talatin da ƴan kai ne rataye a shagon nan, kuma babu biyu da suka taɓa yarda da juna. Wani ya ce uku saura, wani ya rantse uku ta wuce.

"Tana inda ta saba," in ji Baba.

Ta san inda ta saba. Baba ya yi imani waya tana da wani maganaɗisu mai rikita zuciyar agogo, don haka duk ranar da ya buɗe babban aiki sai ya jefa ta cikin tsohon gwangwanin madara, ya rufe, ya tura ƙarƙashin benci. Ba ta fitowa sai an rufe cikin agogon. Wannan na bango kuwa yau kwanansa uku a buɗe.

Ita kuma lambar Baba ta rubuta a takardar neman shiga jami'a, domin a lokacin tata wayar ta ɓata.

Ta durƙusa ta jawo gwangwanin. Kira biyu, daga lamba guda. Ɗaya shekaranjiya, ɗaya jiya.

"Ofishin ɗaukar ɗalibai ne," Ɗan Tela ya ce, yana haki. "Wani ya janye. Gurbi ɗaya ya buɗe a karatun likitan ido. Sau uku suke kiran mutum. In bai ɗauka ba su wuce kan na bayansa."

"Kai ya aka yi ka sani?"

Ya kalli ƙasa.

"Ni suka kira ɗazu. Suka ce in zauna kusa da waya. Ƙarfe huɗu za su yi wa ta ɗaya kiran ƙarshe, in shiru... nawa ne."

Sai a lokacin abin ya zauna mata. Watanni biyu ke nan sunayensu na maƙwabtaka a jerin masu jiran gurbi, ita ta ɗaya, shi na biyu. Har wasa suke yi da abin, yana cewa ko a takarda ba ya iya rabuwa da ita. Ba su taɓa kawo wa ransu gurbi ɗaya tak zai buɗe ba.

Ta danna lambar. Wata murya ta ce wannan layi ba ya karɓar kira. Ta sake. Haka dai.

"Baba, ƙarfe nawa? Na gaskiya!"

Ya zaro agogon aljihunsa. "Uku da minti talatin da biyar."

"Kwana uku, Baba! Ba ka ji tana ƙara ba?"

Tsohon ya cire gilashin a hankali, ya murza idon da ya fara yin fari-fari.

"Na ji."

"Ka ji?"

"Jiya na ji tana kuka a ciki kamar ƙudan zuma. Na ce in alheri ne zai sake dawowa." Ya ajiye gilashin a kan tebur. "Ƙarya nake yi, Idona. Raina ya ba ni su ne. Hannuna ya ƙi zuwa."

Idona. Sunan da yake kiranta ke nan tun da mahaifiyarta ta rasu, tun da ganinsa ya fara ja da baya ta zama ita ke tsinto masa abin da ya faɗi, ita ke karanta masa ƙananan lambobi.

Ba wai ba ta da wani wurin ba. Kwalejin jinya da ke bayan kasuwa ta ba ta gurbi, tafiyar minti goma a ƙafa, ta je ta dawo ta tarar da Baba. Waccan jami'a kuwa yini guda ce a mota. Ɗan Tela ma kwalejin ta ba shi gurbin aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya ajiye takardar a wayarsa bai amsa ba. Shekara biyu yana neman jami'a, shekara biyu ana ce masa ya yi haƙuri.

Ta juyo gare shi, idanunta sun kawo ruwa.

"Me ya sa ka zo?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Da ka yi zamanka! Minti ashirin da biyar kawai. Ba wanda zai sani, ni ma ba zan sani ba!"

"Ni zan sani."

"To na ƙi! Ba zan ɗauka ba. Ka ga an huta, kowa ya samu. Kai ka tafi, ni in zauna da Baba."

"Wallahi in kika ƙi ɗauka, ni ma in sun kira ba zan ɗauka ba. Sai na uku ya ci banza."

"Kai mahaukaci ne?"

"Ɗan Tela ne da bai iya zura zare a allura ba, ai kin daɗe da faɗa."

"Ba wasa nake yi ba!"

"Ni ma haka." Muryarsa ta sauka. "Rabin raina, saurare ni. Maki biyu kika fi ni. Ba kyauta aka ba ki ba. In na shiga ajin nan, kullum na zauna kan kujera zan ji a kan cinyar wani nake. In na gama, duk idon da na duba naki zan gani. Haka kike so in aure ki? Da kayan sata a hannu?"

"Ba sata ba ce in ni na ba ka."

"Ashe sadaka ce. Ta fi muni."

Wani agogo mai gaggawa ya buga huɗu. Su biyun suka zabura.

"Ku rabu da shi," in ji Baba. "Tun yana sabo yake da azarɓaɓi. Saura minti goma sha ɗaya."

Ta zauna a benci, wayar a tafin hannunta, tana jin nauyinta kamar dutse. Ta tuna mahaifiyar Ɗan Tela, wadda duk wanda ya kawo ɗinki sai ta ce masa ɗanta na gab da shiga jami'a. Ta kalli ƙasan teburin, inda kusar nan ta ɓace, wadda Baba ba zai taɓa ganinta da kansa ba.

"Wa zai tsinto maka, Baba?"

Tsohon ya shafa gefen agogon bangon kamar mai shafa wuyan doki.

"Ƙananan agogon hannu zan bari. Manya ba ido suke so ba, kunne suke so, kunnena kuwa garau. Gwaggonki ta shekara tana cewa in bar ta ta dawo gidan nan, ni ke ƙi saboda surutunta. Zan jure." Ya juyo inda take. "Na riga na ci kira biyu, Idona. In kika bar na uku saboda ni, kin ɗora min abin da ba zan iya kaiwa kabari ba."

"Baba..."

"Ki je ki koyo. In kin dawo da sauran abin gyara a fuskar nan, ki gyara. In babu, akwai tsofaffi da yawa."

Minti huɗu. Minti biyu. Ɗan Tela ya fito da tasa wayar, ya kife ta kan tebur, ya ja da baya ya harɗe hannu.

Huɗu ta yi. Shiru.

Huɗu da minti ɗaya. Ta fara addu'ar da ita kanta ba ta san me take roƙo a cikinta ba.

Wayar ta ɗau ƙara.

Sau ɗaya. Sau biyu. Ta kalli Ɗan Tela. Ya gyaɗa kai.

"Ɗauki, masoyiyata. Don Allah."

Ta ɗauka. Wata mata ce mai muryar gajiya, ta karanto lambar jarrabawa, ta tambaya ko ita ce. Ta ce ita ce. Matar ta ce akwai gurbi, tana so ko a ba wani?

Hawaye ya gangaro har bakinta.

"Ina so... Na karɓa."

Kafin ta sauke wayar, ta Ɗan Tela ta yi ɗan motsi a kan tebur. Saƙo ne. Ya ɗauka, bai buɗe ba, ya ce, "Baba, ku gafarce ni," ya fita.

A bakin titi ta same shi, ya jingina da bango, ya juya wa mutane baya. Kafaɗunsa na girgiza. Ba ta taɓa ganin kukansa ba.

"Kar ki kalle ni," ya ce. "Murna nake yi. Haka tawa take fita."

"Maƙaryaci."

"To rabi murna."

Ta tsaya kusa da shi, daidai inda kunya ta yarda.

"Shekara biyar ce fa."

"Na iya jira. Shi ne kaɗai abin da na fi ki maki a kansa."

Ta yi dariya cikin kuka. Daga cikin shago muryar Baba ta fito, da ƙarfi yadda har mai shagon kusa ya leƙo.

"Kai Ɗan Tela! Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa kafin yarinyar nan ta tafi. Ya zo da bakinsa, ba da almakashi ba!"

Ɗan Tela ya share fuska da hannun riga. Ya buɗe wayarsa, ya wuce saƙon haƙurin da jami'ar ta aiko, ya nemo takardar kwalejin bayan kasuwa. Wurin amsawa na nan yana jiransa. Ya kai yatsa, ya janye. Ya sake kaiwa.

Sai ya miƙa mata wayar.

"Danna min. Ni na kasa."

Ta riƙe da hannu biyu, ta danna.