Zainab Ba Ciki Ta Sha Ba

"Ɗiyar nan ciki ta sha!"

Fiddausi ta ji maganar kamar saukar mari. Balkisu ce ta faɗa, 'yar kawun Mas'udu mai neman auren Fiddausi, ranar da ya kawo ta Bungudu ta gaida mahaifiyarsa, Inna Mairo.

"Dubi ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja. In ba ciki gare uwa ba tana shayarwa, yaro bai lalacewa haka."

Ciki? Ita da mijinta ya shekara a ƙasa, tun da 'yan bindiga suka ritsa shi a gona can ƙauyen Tsafe? Tun lokacin take raɓe gidan gwaggonta a Gusau, kunu ma yau akwai gobe babu.

Inna ta ɗaure fuska. "Mas'udu, na fasa. Ba a kawo mini abin kunya gida."

Balkisu har da murmushi, ita da ta daɗe tana aika masa fura yana mayar da kwanon a rufe.

Fiddausi ta saɓa ɗiyarta Zainab a baya ta fice tana kuka. Ya cim mata a zaure.

"Sahibata, tsaya..."

"Kai ma ka yarda?"

"Wallahi ko kusa! Zainab nake ji. Tun yaushe nake cewa mu kai ta asibiti?"

"Maƙwabta ma haka suke raɗawa... tsoro nake kada can ma a faɗa."

"To a faɗa gaban Inna."

Da ƙyar tsohuwar ta shiga motarsa, ita ma don ta kama gaskiyarta ne.

Ma'aikaciyar asibiti ta danna ƙafar yarinyar, gurbin yatsa ya zauna. Fiddausi ta share hawaye.

"Ni ma a gwada ni. Yanzu."

Aka gwada. Ma'aikaciyar ta dubi tsohuwar.

"Babu ciki, Inna. Tamowa ce, yunwa ke nan. Uwar ba ta ƙoshi, ina nono zai fito? Gara da kuka zo yau."

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace wa Fiddausi.

Inna ta daɗe tana kallon siraran hannuwan Fiddausi.

"Ɗiyata, yaushe rabonki da tuwo?"

Fiddausi ta sunkuyar da kai.

"Innalillahi! Ina da gero a rumbu, na zauna ina zargin mai yunwa? Yafe mini!"

Aka kwantar da Zainab, Inna ce ta yi jinya. Kullum Mas'udu na hanya da kunun gyaɗa da ƙwai, har kumburi ya saɓe, yarinya ta fara ƙiriniya. Balkisu kuwa ko dubiya kunya ta hana ta.

Bayan ɗaurin aure Fiddausi ta miƙa hannu za ta karɓi ɗiyarta, Inna ta maƙe kafaɗa.

"Ku tafi da amarcinku can. Wannan tawa ce, sai ta yi kumatu!"